Ƙullin Bayan Sulken Wilf

Hexham, farkon Afrilu

Zuwa ga ƙanena Hedley,

Gaisuwa mai yawa da fatan kana lafiya, kai da matarka Norma da gwiwar nan taka. Ni dai da sauƙi, sai kunne da ke ƙara tafiya. Kada ka buga mini waya, ba abin da nake ji a cikinta sai shuuu kamar ana tara ruwa a baho. Shi ya sa na ɗauki biro.

Maganar sulken Wilf ce. Ina so ka zo ka ɗauke mini shi daga gidan nan.

Tun da mutanen ƙungiyarku ta masu wasan kwaikwayon sojan Rumawan da suka dawo da shi bayan jana'iza, yana rataye a kan gungumen da mijin nawa ya sassaƙa masa a ɗakin baya. Gaban yana nan a buɗe yadda ma'aikatan motar asibiti suka bar shi ranar da zuciyarsa ta tsaya a fili, igiyoyin fatar da suka datse da almakashi suna reto a zobbansu. Bayan kuwa ba wanda ya taɓa. Ƙulle-ƙullen da na yi masa da safen ranar suna nan reras, daga ƙasan kafaɗa har ƙugu.

Motsi yake yi, Hedley. Kar ka yi dariya, na san irin fuskar da kake yi yanzu. Da yamma, idan rana ta karkato ta shigo tagar ɗakin, sai in ji ƙas, a jima kuma ƙas, ƙarfe yana zamewa a kan ƙarfe, daidai irin ƙarar da yake yi in Wilf ya zauna a kujerar kicin yana jiran shayi kafin ku fita. Ni da mai kawo madara yake buga wa ƙofa har ya gaji ban ji ba, amma wannan daga falo nake jin sa. Shekaranjiya sai ganina na yi na fito da kofi biyu. Na tsaya ina kallonsu kamar wata sakarya, sannan na mai da ɗaya.

Tsoro nake ji, ba zan ɓoye maka ba. Ba tsoron Wilf ba, mutumin da ko kare bai taɓa daka wa tsawa ba. Kaina nake tsoro, don na fara jiran yammar.

Ka zo da mota ran Asabar. Ka ba ƙungiya, ko ka ajiye a shagonka, ko ka kai wa masu sayen tsohon ƙarfe, oho. Kar dai ka gaya wa shugabanku Alec Dodd abin da na ce, kafin Lahadi duk garuruwan bakin tsohuwar Ganuwar Rumawa sun ji cewa Elspeth Charlton ta fara taɓuwa.

Ka gai da Norma, ka ce mata fanken da ta aiko ya yi daɗi, sai dai sukari ya ɗan yi yawa.

Yayarka,
Elspeth

Haltwhistle, tsakiyar Mayu

Ranki ya daɗe, Yaya Elspeth,

Bayan gaisuwa irin ta ƙaramin soja ga babban hafsa, ina fatan kin samu barci tun da na kwashe miki baƙon naki. Ki kwantar da hankalinki game da ƙarar nan. Fallayen ƙarfen duk a jikin maɗauran fata suke rataye daga ciki, in fata ta ji ɗumin rana sai ta ɗan saki, ƙarfe ya zame. Nawa ma yana yi. Norma takan ce da shi, “Sannu da hutawa.”

Yanzu ga wata magana, gara ki ji daga bakina kafin masu dogon baki su kai miki. Na sa sulken Wilf ran Lahadi.

Ba da niyya ba ne. Ana gobe wasan farko na bana ƙugiyar kafaɗar nawa ta karye, ga shi mun yi ƙaranci, in aka sake rasa mutum ɗaya ba za mu iya haɗa rufin kunkuru da garkuwoyi ba, shi ne kuwa abin da yara ke zuwa gani. Alec ya ce, “Ga na Wilf yana zaune a shagonka yana cin tsatsa, tsoron me kake ji?” Sai na zura sababbin igiyoyi a gaba. Bayan kam ban taɓa ba. Na sa yatsa a kan ƙullin farko da niyyar in sassauta, sai na ga zargen nan naki irin na rigar girki mai kwancewa da ja ɗaya, wanda Alec ya shekara da shekaru yana mita a kai cewa ba Barumen da ya taɓa yin irinsa. Na kasa, Yaya. Na saka shi kamar kwat, Gavin Nixon da ke kusa da ni a layi ya ja mini gaban ina riƙe da numfashi. Kin san ni da Wilf ba awonmu ɗaya ba, shi sanda ni buhun dankali. A ƙa'ida baya ake sassautawa a daidaita, tunda ban yi ba sai cikina ya ji a jikinsa.

Abin da ban zata ba shi ne kafaɗa. Kin tuna ƙashin wuyansa na hagu da ya karye a kan babur tun kafin ku yi aure? Ashe ya rage tsawon ƙugiyar wannan gefen, fatar ciki kuma ta miƙe ta bi jikinsa cikin shekarun nan. Sulken ya koyi Wilf. Ina sa shi sai ya ja ni hagu, in na miƙe ya cije ni a wuya, in na bi shi ya ƙyale ni. Kafin mu zagaya fili na ga ina jefa ƙafar dama waje kamar yadda yake yi.

Muna jere za mu fita, Alec yana bin bayanmu yana duba maɗaurai, sai na ji ya ce, “Wilf, don Allah gyara kafaɗar nan, kullum sai na faɗa?” Na ce, “Ni ne fa, Alec.” Ya ce, “Na sani, uban tumbi, na sani.” Ya zagaya bayan tanti ya daɗe yana fyace hanci.

An gyara mini ƙugiyata jiya, zan koma cikin nawa. Na Wilf kuwa fatarsa ta bushe, yana son a warware shi duka a sa masa sabuwa. Zan yi in sanyi ya shigo, sai mu ba wani sabon shiga.

Norma na gaisuwa, ta ce sukarin daidai yake, harshenki ne ya tsufa.

Ƙanenki mai biyayya in ana kallo,
Hedley

Hexham, Yuni

Hedley,

Gaisuwa. Na karanta takardarka har ta fara yagewa a wurin ninki. Da farko raina ya ɓaci, na ce wa ya aike ka. Sannan na ji labari a coci cewa gyaran ƙugiyarka bai riƙe ba, za ka sake sa na Wilf a wasan bakin Ganuwa. Ban gaya wa kowa ba, na hau bas na je.

Na tsaya a bakin igiyar da ake tare 'yan kallo, cikin yara da iyayensu. Kuka fito daga bayan tudu kuna taku, Alec yana ta ihu da Latinancinsa da ko shi bai san ma'anar rabi ba. Duk kwalkwali iri ɗaya, duk garkuwa iri ɗaya. Da kuka juya baya za ku hau gangaren, sai ga mijina. Kafaɗar hagu a sauke, ƙafar dama tana jefawa waje, ga ƙullina a jere a bayansa. Na riƙe igiyar da hannu biyu. Wata yarinya mai goyon jariri ta ce, “Mama, lafiya?” Na ce mata rana ce.

Bari in gaya maka abin da ba ka sani ba, duk da ka shekara talatin kana cin abinci a teburina. Ku sauran kukan bar bayan sulkenku a ɗaure daga bazara har kaka. Wilf ba ya yarda. Kowane wasa sai ya warware shi ya shafe kowane falle da mai, saboda haka kowace safiyar wasa sai an ɗaura masa baya daga farko. Ni ke yi, a kicin. Yakan tsaya yana fuskantar taga, ya ware hannuwa. In zura igiya, in ce, “Ja numfashi.” Ya ja. In ce, “Ya isa?” Ya ce, “Ƙara kaɗan.” Wilf ba mai rungumar mutum ba ne, ni ma ka san gidan da muka fito. Amma in ya ba ni baya bakinsa yakan buɗe. A tsaye a wurin ya gaya mini an sallame shi daga garejin bas. A wurin ya yi kukan mahaifiyarsa, ina ɗaurawa yana yi, ba wanda ya kalli wani. Ranar ƙarshe abin da ya ce kawai shi ne hannuna da sanyi.

Tun da ka ɗauke sulken gidan ya mutu. Na zaci shirun nake so, ashe ƙarya nake yi wa kaina. Da yamma ina zuwa in tsaya a ɗakin baya, gungumen yana nan tsirara, ba ƙas ba komai.

To ga abin da nake so, kuma ba shawara nake nema ba. Kada ka canza fatar nan. Kada ka taɓa ƙullin. Ka ci gaba da sa shi bana, zan riƙa zuwa duk inda bas ke kaiwa. In an tashi kuma kada ka zo gaishe ni da kwalkwali a hannu, ka bar ni in tafi da abin da na gani. Na san ba daidai ba ne in roƙi ƙanena haka. Na roƙa.

Allah ya bar mu tare.

Elspeth

Haltwhistle, Yuli

Yaya,

Ina gaisuwa. Kin ga dai ban saɓa ba. Na hango ki ta gefen kwalkwali duk Lahadin nan, da jar hularki, kuma ban ɗago hannu ba ko sau ɗaya. Gavin ya ce mini, “Yayarka ce can fa, ba za ka je ba?” Na ce faɗa muke yi a kan gadon tukunyar shayi. Ya yarda, don ya san ki.

Amma dole in gaya miki halin da sulken ke ciki, a matsayina na wanda yake ciki. Tunda baya ba ya sakuwa, duk ƙarfin tumbina gaba yake tafiya. Zobban tagullan da igiya ke bi sun fara tsigewa ɗaya bayan ɗaya, dama masu motar asibiti sun lanƙwasa wasu garin sauri. Ba a iya kafa sabon zobe sai an shimfiɗa fallen a kan uwar maƙera, ba a shimfiɗa shi kuma sai an kwance baya. Saboda haka na yi dabara. Wayar ƙarfe nake zurawa ta ramukan ƙusoshin, in murɗe ta da filaya, in rufe da bakin ɗankwalin wuya da ɗamara. Alec bai gani ba tukuna. Ranar da ya gani zai haɗiye sandarsa. In an tashi sai in je bayan mota in warware a hankali, ba mai lura.

Fatar ciki ma ta fara tsagewa a kafaɗar hagu. Ina shafa mata mai, ina lallashinta kamar tsohuwar mota.

Na yi wani tunani, ki saurare ni kafin ki hau ni da faɗa. Me zai hana in zo gidanki da safen wasa, in tsaya a kicin in fuskanci taga, ki ɗaura mini baya da sabuwar igiya daidai jikina? Ba zan ce uffan ba, ba zan waiwayo ba. Kafaɗar za ta zauna yadda take, tafiyar ma haka. Hannunki zai sake yin aikin da ya saba. Abu ɗaya ne, sai kin kwance na ranar nan kafin ki yi sabo. Ba yadda za a yi a samu duka biyun, na juya abin ta kowace fuska.

Ni lafiyata lau, kar ki damu. Ɗan tsami ne kawai a hannun hagu, irin na tsufa.

Naki,
Hedley

Hexham, ƙarshen Yuli

Hedley,

Na gode da tunaninka, na san da zuciya ɗaya ka yi. Na kwana biyu ina juya shi, har na fito da tsohuwar igiyar da Wilf ya ajiye a aljihun tebur na riƙe ta.

A'a. Ƙulle-ƙullen nan, Wilf yana numfashi na yi su. Kowane ɗaya sai da ya ce “ƙara kaɗan” ko “ya isa” kafin na zarge. In na kwance su, abin da zan ɗaura bayan nan a jikinka zan ɗaura, kuma zan sani.

Saura wasanni kaɗan a rufe na bana. Ka daure mini zuwa na Satumba. Daga nan sai mu yi magana.

Ka rage cin dankali, zai taimaka.

Yayarka

Haltwhistle, Agusta

Yaya Elspeth,

Norma ce. Ina gaishe ki, amma ban iya doguwar gaisuwa ba yau, kuma Hedley bai san na rubuto ba.

Ya ce miki lafiyarsa lau ko? Ƙarya yake yi. Ni ke ganin shi in ya cire riga. Haƙarƙarinsa duk shatar ƙarfe ce, wani ya yi baƙi wani ya yi kore, kafin na wannan mako ya warke na gaba ya hau kai. Ƙananan yatsunsa na hagu ba sa jin komai. Ya fasa mini kofuna har na daina ba shi na baƙi. Likita ta ce jijiya ce ake dannewa a wuya, ya daina sa abin nan yanzu yanzu. Ya ce mata to. Muna fitowa ya ce mini, “Zuwa Satumba ne kawai, Elspeth ba ta taɓa roƙona komai ba.”

Wannan duk jiki ne, na iya da shi. Ga wanda ya hana ni sakat. Yanzu ko ba sulke a karkace yake tafiya. Ran Talata ina wanke-wanke na hango mutum a lambu ya ba ni baya yana duba wake, wallahi na zaci Wilf ne. Mijina ne fa, shekara arba'in ina kallon bayan nan. Sannan safiyar Lahadin da ta wuce na shigo kicin na same shi a tsaye gaban taga ya ware hannuwa, shiru, kamar mai jiran wani abu. Na ce, “Malam, me kake jira, a auna ka?” Ya kalli hannuwansa, ya sauke su, ya ce shi ma bai sani ba. Ni ban taɓa ɗaura masa komai ba a rayuwata, Gavin ke yi masa a fili. Na shiga banɗaki na yi kukana.

Ban ce ba ki da gaskiyar baƙin cikinki ba. Ni ma ina son Wilf, shi ya gyara mana rufi bai karɓi ko kofin giya ba. Amma ranar bikin haihuwarki da muka zo da kek, kin lura ba ki kalli fuskar Hedley ba ko sau ɗaya? Ni na lura. Kin yi ta magana da ni, da kek, da kyanwa. Sai da ya juya zai fita idonki ya bi shi har bakin ƙofa. Ƙanenki ne, Yaya. Ke kika kai shi makaranta ranar farko kina jan shi yana turjewa, ya ba ni labarin ya fi a ƙirga.

Na yi masa faɗa, na yi lallashi, na ɓoye makullin mota ya hau bas da sulken a jaka. Maganarki kaɗai zai ji. Layi ɗaya ya isa, ki ce ya bari. Kin rasa miji, na sani, ina gefenki a maƙabarta. Ni ba na so in rasa nawa don naki ya riƙa zagaya fili ran Lahadi.

In na yi miki rashin kunya ki yafe, amma ba zan janye ko kalma ɗaya ba.

Matar ƙanenki,
Norma

Asibiti, Satumba

Yaya,

Gaisuwa daga gadon da ya fi na gidanmu laushi. Rubutun Norma kike gani, ni ke faɗa tana rubutawa, don in na ɗaga hannu haƙarƙari sai ya tuna mini da kansa. Ta ce in gaya miki ba ta huce ba, kuma har yau tana jiran amsar takardarta. Na ce kar ta sa wannan, ga shi ta sa.

Kin tafi kafin motar asibiti ta tashi, ba mu yi magana ba. Bari in gaya miki yadda abin ya kasance daga ciki, don na san kina can kina ƙara masa gishiri.

Muna cikin gudun ƙarshe ne, wanda muke tunkarar 'yan kallo da ihu. Na ji ɓas a kafaɗar hagu, fatar ta tsinke. Fallayen ƙirji suka zame suka hau kan juna suka cije, kamar an ja aljihun tebur ya karkace. Na faɗi rubda ciki a kan garkuwata. Daga nan numfashi ya ƙi shiga. Ina jin Gavin yana laluben gabana yana cewa, “Ina igiyar? Waya ce, Alec, wannan mahaukacin waya ya sa.” Alec yana ihu a kawo filaya, filaya tana cikin motata a can bayan gonar tumaki. Ya ce a kawo wuƙa. Ki duba fa, fili cike da takubba da wuƙaƙe, ba ko ɗaya mai kaifi, mu da kanmu muke dasashe su saboda yara. Masu agajin gaggawa suna can ɗaya gefen wurin wata da ta suma. Ba wanda ya tuna da baya. Duk bana sun saba ba a taɓa bayan nan, har sun daina ganin sa.

Idona ya fara duhu. Gaskiya na tsorata, na ce ashe haka Wilf ya ji, da ciyawa a baki da ƙafafun mutane kewaye da shi.

Sai na ji muryarki a kaina. “Hedley. Hedley, ina nan.” Na ji gwiwarki a ƙuguna, na ji zut, zut, zut, daga sama har ƙasa, kowane ja ɗaya tak. Sulken ya buɗe biyu, iska ta shigo. Ban taɓa shan abin da ya kai ta daɗi ba. Gavin ya ce ta ƙarƙashin igiyar 'yan kallo kika bi, ke da kike hawa bas da ƙyar, kika ture Alec da gwiwar hannu har ya zauna a ƙasa. Alec ya zo dubiya jiya, ya ce in gaya miki har yanzu bai yarda Rumawa sun yi irin ƙullin nan ba, amma asararsu ce.

Likita ta ce haƙarƙari zai haɗe. Yatsun ba ta yi alkawari ba, mai yiwuwa su dawo, mai yiwuwa shi ke nan. Fareti kam na gama, sai dai in riƙa tsaron tanti ina hana yara taɓa kwalkwali.

Abin da ke damuna ba wannan ba ne. Na yi miki alkawarin zan kai ƙulle-ƙullenki Satumba lafiya, ga shi saboda wayata da tumbina kin kwance su da hannunki, a gaban jama'a, ba ki ko samu kin yi sallama da su ba. Na san abin da suke a wurinki. Ki yi haƙuri, Yaya. Sulken yana cikin akwati a gidan Alec, gunduwa gunduwa, an cusa fallayen cikin juna. Ya ce ba zai taɓa ba sai kin faɗi abin da kike so. In an sa sabuwar fata kafaɗar za ta miƙe, ba zai sake zama Wilf ba. Ki sani kafin ki amsa.

Norma ta ce hannunta ya gaji kuma ni ba na gajiya da surutu. Ki rubuto ko layi ɗaya ne, shirunki yana ba ni tsoro.

Ƙanenki,
Hedley

Hexham, Litinin

Ƙanena Hedley,

Sannu da jiki, sannu. Norma, ke ma sannu, kin yi gaskiya kuma na ji kunyar amsa miki.

Kar ka sake ba ni haƙuri. Ban san na kwance su ba sai a bas, da na sa hannu a aljihu na ji igiyoyin. Na duba zuciyata ko zan ga lokacin da na tsaya na yi shawara, babu. Na ga baya a kwance a ciyawa da ƙullina a jiki, kuma ban ga Wilf ba ko kaɗan. Kai na gani, da jan wuyan nan naka.

Ka ce wa Alec ya sa sabuwar fata, ya ba wanda ya yi wa daidai. Kada a gaya mini ko wane ne.

Jiya da yamma na zauna a kicin har rana ta wuce tagar. Ban jira komai ba. Wilf ya mutu, Hedley, tun bara. Yau na fara rubuta shi, na karanta, ban soke ba.

Zan zo ran Alhamis a bas ɗin safe. Ka aske gemu, fuskarka nake so in gani.

Yayarka,
Elspeth